Baƙin Tsiro Biyu a Lambun Sarki

A zamanin da, an yi wani sarki wanda Madugu Tanimu ya kawo wa tsarabar wani tsiro daga bayan teku. Sunansa sitiroberi, 'ya'yansa ja ne, masu zaƙi da ɗan tsami. Iri biyu ne, mai faɗin ganye da mai ƙaramin ganye. Sarki ya damƙa su ga Sarkin Lambu Barmo, dattijon da ko sanda ya kafa sai ta yi toho.

Shekara ta zagayo, ganye ya yi lif, amma ko fure ɗaya babu. Sarki ya fusata, ya ce a tuɓe Barmo, ya bar ƙasar. Abin ya yi wa Barmo ciwo, domin a lambun nan aka haife shi.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in yi wa Madugu tambaya ɗaya." Waziri Gidado ya sa baki, aka yarda.

Barmo ya ce, "Madugu, yaya yini yake a inda ka samo su?"

Madugu ya ce, "Mai faɗin ganyen, azumi ya riske ni a ƙasarsu yana tsakar 'ya'ya. Wallahi na zaci rana ta manta hanyar faɗuwa. Shi kuwa ƙaramin, a kan duwatsu na same shi, cikin sanyi, magariba na yi da wuri."

Barmo ya juya ga sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka ji. Ƙaramin sanyi yake so da gajeren yini, mu kuwa mun dasa shi a kwarin zafi. A ba ni tudun arewa da watannin sanyi uku. Babban kuwa dogon yini yake nema, wannan ba ni da shi."

Kai, Barmo ya san aikinsa. Kafin sanyi ya wuce, ya sauko da faifai cike, ja wur.

Sarki ya ɗanɗana, sannan ya ce, "Waziri, babu dabarar da za a ƙara wa yininmu tsawo?"

Waziri ya ce, "Zaki, wannan ba a fadarka ake yanke shi ba."

Sarki ya sunkuyar da kai. Ya ce a mayar da mai faɗin ganye ƙasarsu. Sannan ya taso daga karaga, a gaban fadawa, ya ce, "Barmo, na hukunta ka a kan abin da ni ma ban iya ba. Ka yafe mini."