Gungumen Malam Aku

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo, mun kasa kunne.

Wata ranar Laraba da hantsi, Malam Aku ya kwaso ɗalibansa za su haye rafi cin kanya. A makarantarsa, abin da malam ya faɗa shi ake maimaitawa. Ya hango wani baƙin abu kwance a ruwa, ya ce, "Gungume ne, ku taka ku wuce."

Yara suka amsa, "Gungume ne!"

'Yar Kurege ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tuna tambayar da tsohuwa Hawainiya ta koya mata ta riƙa yi wa kanta: "Na sani ne, ko kuwa ji na yi?" Ta bincika zuciyarta, ta tarar ji kawai ta yi.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ni ban sani ba tukuna."

Aku ya ce, "Ke sarkin tambaya! Ba na faɗa ba?"

"Ka faɗa, Malam. Amma kai fiffike gare ka, mu ne masu takawa."

Ta ɗauki tsakuwa ta jefa. Gungume ya buɗe ido, ya wage baki. Ashe Kada ne.

Ranar ba wanda ya ci kanya, ba kuma wanda Kada ya ci.

Ƙurunƙus kan kusu, tawa ta tsaya nan.