Mai Fiton da Ya Yanke Ƙauna

Ya 'yan'uwa, ku matso, na baya kuma ku bar surutun nan haka.

An yi wani mutum a zamanin yaƙe-yaƙe, mai fito ne, yana ƙetarar da mutane kogi a kwalekwalensa. Da can mutumin kirki ne. In tsohuwa ta sauka, shi yake ɗaukar mata kaya har kan tudu.

Sai yaƙi ya ci garinsu, annoba ta biyo baya. Ya binne matarsa. Ƙasar kabarin ba ta bushe ba ya binne 'ya'yansa. Wa zai ce wannan ba ciwo ba ne? Ciwo ne. Amma ku ji inda ya ɓata. Ya dawo gida, ya naɗe tabarmar sallarsa ya wurga bayan ɗaki, ya ce, "Na roƙa, ba a ji ni ba. Babu sauran alheri a duniya."

Yayarsa ta same shi a bakin ruwa, ta ce, "Haba ƙanena, kai kaɗai aka yi wa mutuwa? Duba mutanen nan, kowa da nasa."

Ya ce, "Yaya, ki ƙyale ni. Duk wanda na ƙetarar yau, gobe ma mutuwa zai yi. To mene ne amfanin?"

Kun ji fa! Wai mene ne amfanin! Wanda ya daina sa ran alheri, me zai hana shi mugunta?

Masu gudun yaƙi suka cika gaɓar kogi. Ya fara da zagi. Daga zagi sai hankaɗa. Ya bar gurgu a baya, ya ture tsoho cikin taɓo. Filafilin da yake tuƙi da shi ya zama sandar dukan bayin Allah.

Wata safiya aka ce mayaƙa sun kusa. Ya tura kwalekwale ke nan, sai wata mata da goyo ta faɗo ruwa har ƙirji, ta kama gefensa. Akwai wuri, jama'a! Wallahi akwai wuri!

Ta ce, "Baba, ko jaririn nan kaɗai ka karɓa."

Ya ce, "Nawa wa ya karɓa?"

Ya ɗaga filafili ya sauke mata a yatsu. Ta saki. Ruwa ya tafi da su, ita da goyon.

Da aka isa ƙetare, wani masunci daga cikin fasinjojin ya ƙwace filafilin, ya koma ɗebo sauran. Shi kuwa mai fiton, ba wanda ya doke shi, ba kuma wanda ya ƙara amsa sallamarsa. Hankalinsa ya gushe. Ya riƙa yawo a gaɓa, hannuwa toshe da kunne, yana roƙon a lallashi jaririn nan ya yi shiru. A haka ajali ya riske shi.

To ni abin da ke ƙona mini rai, har a cikinmu nan ina jin irin maganarsa. Kasuwa ta ƙi, sai mutum ya ce komai ya lalace, ya shiga gida ya huce a kan iyali. Haba! Su suka hana kasuwar? Baƙin cikinka bai ba ka izinin zubar da hawayen wani ba. Yi kukanka, babu laifi, amma kada ka yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji, domin zuciyar da ta yanke ƙauna ba ta tsayawa a kan mai ita.

Allah ya kiyaye mu da bushewar zuciya, ya bar mana sa rai har ranar da za a rufe mana ido. Amin.