Hajiya Talotalo da Ƙoƙon Kwarfe Ruwa

An yi wani Kwaɗo mai fito a wani babban kogi, wanda bai mallaki komai ba sai tsohon kwalekwalensa. Jirgin yana yoyo, saboda haka ƙa'idarsa ita ce duk wanda ya shiga sai ya taya shi kwarfe ruwa da ƙoƙo.

Wata ranar kasuwa ya ɗauko Akuya mai gajen haƙuri, da Hajiya Talotalo, wadda ta yi karatu mai zurfi kuma ba ta bari kowa ya manta. Da shigarta ta kife ƙoƙon ta zauna a kai, don kada gashinta ya jiƙe.

A tsakiyar kogi Kwaɗo ya ga ruwa ya rufe masa ƙafa.

"Hajiya, a taimaka da ƙoƙon nan, za mu nutse."

"Nutsewa ka ce?" in ji ta. "A tsibiran Filifin, masu harshen Tagalog suna kiranta lubog. Da ita suke faɗin faɗuwar rana."

"Hajiya, ƙoƙon!"

"Kada ka katse ni, Malam. Maƙwabtansu masu harshen Sebuwano kuwa, gurɓataccen ruwa suke nufi da ita."

Akuya ta ce, "Baiwar Allah, ɗaga mana! Tabarmin da zan sayar sun jiƙe!"

"Ni zan yi kwarfa kamar 'yar aiki? Ku tsaya ku ji asalin kalmar."

Kwaɗo ya cije baki, ya dage da tuƙi, takaici kamar ya kashe shi. Saura kaɗan su isa gaɓa jirgin ya yi ƙasa. Akuya ta yi iyo ta fita. Hajiya kuwa ta rungume ƙoƙon tana ihu, har Kwaɗo ya turo ta tudu, taɓo har wuya, a gaban 'yan kasuwa.

Jama'a suka jawo jirgin cike da ruwa. Kwaɗo ya ce, "Ba ni da wani jirgin, Hajiya. In kina son komawa gida, ga ƙoƙo a hannunki."

Haka ta duƙa tana kwarfa har la'asar. Akuya na shanya tabarminta ta ɗaga murya: "Hajiya, wannan aikin fa, me ake ce masa a Filifin?"

Hajiya ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da kwarfa.

Darasin wannan labari shi ne, ilimi abu ne mai daraja, amma wanda ya ƙi ƙaramin aiki a lokacinsa don tsare girmansa, zai yi babbansa a bainar jama'a.