Matar da Ta Dasa Busassun Itatuwa a Bakin Kwari

Akwai wata mata a wani ƙauye da ke ƙasar Ruwan Bago, can cikin Rogo, ana ce mata Laure. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata duk ta aurar da su, ta zauna ita kaɗai a ɗakinta. Ba ta mallaki komai a duniya ba sai wata 'yar gona da ta gada wurin mahaifinta.

Gonar ma in ka gan ta sai ka tausaya mata. Doguwa ce siririya, ta bi bakin wani kwari da ruwa ya haƙa, kuma duk damina sai kwarin ya gutsuri wani abu daga jikinta. Inda ubanta yake noma dawa a da, yanzu rami ne da zai haɗiye raƙumi har da kayansa.

Daga sama da ita, a bakin kwarin dai, nan rabon yayanta Aƙilu yake. Shi nasa fili mai faɗi ne, ya mai da shi lambun gwaiba, yana kai kaya kasuwar Karaye. Allah ya buɗa masa, sai dai buɗin ya zo masa da ɗaga kai. Irin mutanen nan ne da in ba su yi magana ba, gani suke gari bai waye ba.

Kullum maganarsa ɗaya ce: "Laure, ki daina wahalar da kanki. Kwarin nan sai ya cinye gonar nan ko kin ƙi ko kin so. Ki tattaro ki dawo gidana, ga ɗaki ga tuwo."

Ita kuwa sai ta ce, "Na gode, Yaya. Allah ya bar zumunci."

A ranta ta san irin tuwon. Tuwo ne da za a ci da safe a yi gorinsa da yamma. Ta fi son ta ci nata ko da babu mai a miya, kuma ta san ranar da gonar nan ta tafi, ranar 'yancinta ya tafi.

To, a gefen gonar akwai wani tsohon ɓaure da ya bushe a tsaye. A jikinsa wasu tsuntsaye suka yi gida. Mutanen wajen mai-gemu suke ce wa tsuntsun, saboda wani baƙin gashi da ya tsaya masa cirko-cirko a ƙarƙashin baki. Bayansa baƙi ne wuluk, ƙirjinsa ja, kewayen idonsa rawaya, ga ƙaton baki mai kauri kamar an ara masa na wani. Muryarsa kuwa ba a cewa komai, gurnani kawai yake yi kamar mai shaƙewa.

Laifin mai-gemu ɗaya ne: yana son 'ya'yan itace. Ɓaure ne abincinsa, amma in ya ga nunanniyar gwaiba ba ya kawar da kai.

Wata safiya Laure tana cikin noma sai ga Aƙilu da Sulle mai faskare, gatari a kafaɗa. Ko gaisuwar kirki Aƙilu bai tsaya an yi ba.

Ya ce, "Sulle, ga shi nan. Kayar min da shi. Nan ne masaukin ɓarayin da ke cinye min lambu."

Laure ta ajiye fartanya ta ce, "Yaya, ina kwana? Ai itacen a gonata yake."

"A gonarki yake, amma a lambuna suke kiwo. Me za ki yi da mataccen itace?"

Laure ta juya wajen Sulle ta ce, "Malam Sulle, don Allah kafin ka ɗaga gatarin nan, kara kunnenka a jikinsa."

Sulle ya kara kunne. Can cikin itacen, ƙasa da wani ɗan rami zagayayye, ya ji ƙananan muryoyi suna tsuwa. Bai ɗago ba sai ga uwar ta sauka da fara a baki, ta leƙa ramin ta shige.

Sulle ya mai da gatarinsa kafaɗa ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ni gatarina ba ya rushe gida da jarirai a ciki. Ina da 'ya'ya."

Ran Aƙilu ya ɓaci matuƙa. Ya nuna Laure da yatsa ya ce, "Kin zaɓi tsuntsu a kan ɗan'uwanki ko? To, ki riƙe su. In kwari ya gama da ke, su ba ki masauki a raminsu."

Daga nan ya koma lambunsa ya sa aka sare duk wani itacen da ke bakin kwari ta ɓangarensa, manya da ƙanana, wai kada tsuntsu ya sami wurin sauka. Aka ƙone su aka yi gawayi. Ya kuma hana Laure shanun huɗar da ya saba ba ta aro kowace shekara. Daminar nan da hannunta ta yi huɗa, bayanta kamar zai karye, ta yi kuka ba sau ɗaya ba.

Amma wahalar ce ta zaunar da ita a gindin busasshen ɓauren, don nan take hutawa. Mai zama kuwa shi ke ganin abin da mai wucewa ba ya gani.

Ta lura tsuntsayen da bakinsu suke sassaƙa raminsu, kuma busasshen itace suke nema saboda ya fi musu taushi. Ta ga uwa da uba suna karɓa-karɓa wajen ciyar da 'ya'ya, har da wasu na gefe da ke taya su, kamar dangin da ba su san gaba ba. Wannan ya sosa mata rai ƙwarai.

Sai kuma ta lura da yadda suke ci. Mai-gemu ba ya tsayawa tsince-tsince. In ɗan itacen ƙarami ne, haɗiye shi yake yi ɗungurungum, ya taso ya dawo kan reshensa. Can anjima ƙwallon ya fito, ko ta sama ko ta ƙasa, ya faɗi a gindin itacen.

Da ta duba ƙasa da kyau sai mamaki ya kama ta. Gindin mataccen itacen nan cike yake da tsiro: ga ɓaure, ga darbejiya, ga kanya, ga ɗinya, wasu har sun kai gwiwa. Kuma a duk tsawon gonarta, nan ne kaɗai gaɓar kwarin ba ta zube ba a daminar.

A baya ta sha yanko reshen cediya ta dasa a bakin kwarin, gara ta cinye. Ashe ga masu shuka nan Allah ya aiko mata kyauta, abin da suke nema kawai wurin zama.

Da rani ya shigo sai Laure ta fara wani aiki da ya ba duk ƙauyen dariya. Ta riƙa shiga daji tana jawo busassun rassa masu tsawo, ta haƙa rami a bakin kwari, ta kafa, ta danne da duwatsu. Ta kewaye gindin kowanne da ƙayar magarya saboda awaki. Ta ajiye fasasshen kasko da ruwa a kusa, don tsuntsu ya sami dalilin zuwa.

Mata a bakin rijiya suka samu abin yi. Wata ta ce, "Laure, an ce kin yi dashe. Bana za mu ci 'ya'yan ko sai baɗi?"

Aƙilu kuwa a majalisa yake ba da labari, yana cewa, "Mutane na dasa ɗanye ya mutu, ƙanwata ta fara daga matacce don ta rage wa kanta jira." A yi ta ƙyaƙyatawa.

Maganganun suna yi mata ciwo, ba ƙarya. Wani lokacin ita kanta sai ta tsaya ta dubi sandunan nan a jere cikin rana, ta ce anya ba ta zautu ba? Amma ta ci gaba.

Tsuntsayen kuwa ba su san ana dariya ba. Suka sami sababbin wuraren sauka, suka riƙa zuwa, su da wasu tsuntsayen. Damina ta farko tsiro ya fito a gindin wasu sandunan, wasu ko ɗaya. Awaki suka fasa ƙaya suka cinye rabi. Ta sake kewayewa. Gara ta kayar da wasu sandunan, ta kafa wasu. Kwarin bai fasa gutsurar gonar ba, amma cizon nasa ya fara raguwa.

Shekaru suka tafi. Darbejiya ta riga kowa tashi, ɓaure ya biyo baya yana zura saiwoyinsa cikin gaɓa kamar yatsu. Bakin gonar Laure ya zama duhuwa, har masu wucewa na tsayawa shan inuwa, cikinsu har da masu dariyar da.

Sai wata shekara, cikin watan Agusta, aka wayi gari da hadari baƙi ƙirin. Tun hantsi ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba sai bayan la'asar. Daga cikin gari ana jin rurin kwarin. Tsofaffi suka ce rabonsu da ganin irinsa tun suna yara.

Laure na ɗakinta tana ta salati. Ruwa na ɗaukewa ta yafa mayafi ta fita. Tana tafe tana faɗa wa kanta cewa in ta tarar babu gona, haka Allah ya so.

Da ta iso sai ta tsaya cak.

Gonarta na nan. Dawarta na nan a tsaye har bakin gaɓa, ko kunyar huɗa ɗaya ba ta tafi ba. Ruwa ya daki itatuwan ya yi musu kaca-kaca da shara, amma saiwoyin sun riƙe ƙasa gam. Laure ta durƙusa cikin taɓo ta ɗaga hannu sama, hawaye na zuba, dariya na ƙwace mata. Ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a bakin kwari, irin wadda ba ta yi ba tun bikin autarta.

Guɗar ce ta jawo mutane. Suka zo suka ga abin da idonsu, suka kuma ga abin da ya sami lambun da ke sama. Gaɓar Aƙilu, wadda ya aske tas, ta zube. Kusan rabin lambun ya rufta, bishiyoyin gwaiba sun yi rigingine a cikin kwari, saiwa a sama.

Da ruwa ya janye bayan kwana biyu sai wani abin ya ƙara fitowa. Ƙasar da ruwa ya kwaso daga sama, da ta iso itatuwan Laure sai ta rasa hanya, ta kwanta a nan. Baƙar ƙasa mai taki, shimfiɗe a inda da rami ne.

Nan Aƙilu ya same ta tana dubawa. Ya rame a kwana biyun nan. A karo na farko cikin shekaru shi ya fara gaishe ta.

Ya daɗe yana kallon sabuwar ƙasar, sannan ya ce a hankali, "Laure, wannan fa ƙasar lambuna ce."

Ta ce, "Haka ne, Yaya. Sai ka zo da buhu ka kwashe abarka."

Mutanen da ke wurin suka fashe da dariya. Aƙilu ya sunkuyar da kai, can shi ma ya murmusa, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Na ci mutuncinki a gaban jama'a, a gaban jama'a nake neman gafara. Ki yafe min. Kuma in kin yarda, ki nuna min yadda ake yi, kafin sauran ma ya tafi."

Laure ta ji wani sanyi ya ratsa zuciyarta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce, "Na yafe, Yaya, duniya da lahira. Ga tsiro nan birjik a gindin itatuwa, ka cira ka dasa tun ƙasa na da laima. Sauran aikin kuma ka bar wa masu shi, in sun ci gwaiba biyu ka ɗauka ladan aikinsu ne."

A makon nan ta shuka wake a sabuwar ƙasar. Da kaka ta yi, matar da aka ce kwari zai kora daga gonarta ita ce ta aika wa gidan yayanta da kwando cike da wake, daga wurin da shekaru da yawa ba a taɓa cire ko ƙwaya ba.

Darasi: Kada ka raina halittar Allah don ƙanƙantarta, kuma kada dariyar mutane ta sa ka saki alherin da ka kama. Wanda ka tausaya wa yau, ta hannunsa Allah zai iya rufa maka asiri gobe, mahaƙurci kuwa mawadaci ne. In labarin nan ya taɓa zuciyarka, tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ake yi wa dariya yanzu yana gab da sarewa.