Katafilar da Aka Ji Kunyar Dubawa

An yi wani manomi wanda gidansa ke bakin kwari. Kowace damina ruwa yakan zaftare gaɓar kwarin, taki ɗaya ko biyu, har ya zamana tsakanin ramin da ɗakin da matarsa da 'ya'yansa ke kwana bai fi taki goma ba. Maƙwabtansa suka ce in rani ya yi za su yi masa gayya, su jera duwatsu da buhunan yashi su tare ruwan. Aiki ne na wata biyu, mai karya ƙugu. Shi kuwa manomin nan ba ya son aikin da zai daɗe.

Surukinsa, mahaifin matarsa, ya taɓa yin kwangilar hanya. Yana da wata tsohuwar katafila, irin mai tafiya a kan sarƙa, a ajiye bayan gidansa ƙarƙashin ɗorawa. Shekara bakwai ba wanda ya tayar da ita. Ciyawa ta tsiro a tsakanin sarƙarta, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Tsohon ya ce zai bar masa ita da araha, tun da gida ne, ya ƙara da cewa, “Lafiyarta lau na ajiye ta.” Ba ƙarya ya yi ba kuwa.

Manomin ya yi murna, ya ga aikin wata biyu ya koma na kwana biyu. Ya sayar da shanun nomansa, ya ɗauko wani bakanike wanda ya tsufa a gyaran manyan injuna, suka tafi gidan surukin.

Bakaniken ya kewaya katafilar sau biyu. Sa'an nan ya ɗaga kai, ya ga bakin salansa, wato bututun hayaƙi, a buɗe yana kallon sama, ko gwangwani ba a kifa masa ba. Ya ce ruwan damina bakwai ya bi ta nan, kuma ruwa ya fi mai nauyi, yakan sauka ya kwanta a ƙasan inji inda ido ba ya gani. Ya roƙa a bar shi ya shiga ƙarƙashi ya kwance noti ɗaya. In baƙin mai ne ya fara zubowa, madalla. In ruwa ne, to, kada a kuskura a tayar da ita. Bayan haka zai duba sarƙar gaɓa-gaɓa, a kuma sa ta turi ƙasa na awa guda kafin a yi maganar saye.

Surukin yana zaune a inuwa yana ji, fuskarsa ta canza. Manomin ya gani, kunya ta kama shi, kunyar ta koma fushi. Ya ja bakaniken gefe ya ce, “A gaban surukina za ka kwanta ƙarƙashin kayansa kana tone-tone? Mutumin da ya ba ni 'yarsa, a kan ƙarfe zan tuhume shi?”

Bakaniken ya ce, “Maigida, ban ce Baba ya yi ƙarya ba. Baba ya san ranar da ya ajiye ta. Abin da ya same ta bayan nan, ba shi ba, ba kai ba, ba wanda ya sani. Noti ɗaya ne fa.”

Manomin ya ƙi. Ya sa aka kawo sabon batir da mai, aka yi ta fama da ita, can sai ta tashi da ruri da baƙin hayaƙi, kaji suka watse. Ya juya ya kalli bakaniken yana dariya, ya ce masa ya kwashi sifanoninsa ya kama gabansa. Ya biya kuɗin katafilar, ya koma gida ya gaya wa maƙwabta su huta, ba ya bukatar duwatsunsu.

Kafin a sami babbar motar da za ta ɗauko ta, kafin a sami direba, rani ya ƙare, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ranar aiki katafilar ta tako tana ruri har bakin kwarin. Ta turi tarin ƙasa na farko, ta turi na biyu. A na uku injin ya yi ƙara irin ta dakan turmi, ya tsaya cik. Da aka buɗe, sai ga mai ya koma fari kamar kunu, ƙarfe ya ci ƙarfe. Ba ta ƙara motsi ba, ta zauna da nauyinta duka a kan gaɓar da ruwa ya riga ya rarake.

Manomin ya bi maƙwabta gida-gida, amma kowa yana gonarsa yana shuka. A ruwa na uku gaɓar ta rufta, ta tafi da katafilar, ta tafi da ɗakin. Allah ya sa matar ta riga ta kwashe yaran ta koma gidan mahaifinta. Surukin nan da aka ji kunyarsa, tun daga ranar shi da manomin ko gaisuwa ba sa yi.

To, ga ma'anar misalin, ku buɗe kunnuwanku, gama da fushi nake faɗinsa.

Katafilar nan bangaskiyarku ce. Da yawa a cikinmu, in aka tambaye su labarin tafiyarsu da Ubangiji, sai su ce an yi musu baftisma a shekara kaza, sun shiga ƙungiyar mawaƙa, sun yi zumuntar mata. Gaskiya ne, lafiya lau ka ajiye ta. Amma yaushe rabonka da ka tayar da ita? Ka bar zuciyarka a buɗe, gulma ta zuba, ƙyashi ya zuba, tsohon fushi ya zuba, duk sun sauka sun kwanta a ƙasa. Ran Lahadi kana rera waƙa da ƙarfi har rufin kwano yana amsawa. Ruri ne kawai. Ba ruri ake nema ba, turin ƙasa ake nema, wato ranar da aka zage ka, ranar da ciwo ya shigo gida, ranar da za ka gafarta wa wanda bai roƙe ka ba.

Bakaniken shi ne ɗan'uwan da Allah yakan aiko ya yi maka tambaya mai zafi. Mu kuwa me muke yi masa? Mukan ce ba shi da ladabi, mu kore shi. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Mun mai da kunya ta zama mayafin zunubi. Dattijo ne, kada a tambaye shi. Suruki ne, kada a taɓa. Mai bayarwa ne, a yi shiru. Muna kiran wannan girmamawa, alhali kuwa tsoro ne. Manomin nan bai cece mutuncin surukinsa ba, bai cece gidansa ba, ya rasa duka biyun, kuma waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su ne suka rasa wurin kwana. Haka yake a gidajenmu. In bangaskiyar uba ta tsaya cik a ranar wahala, 'ya'ya ne ke kwana a waje.

Saboda haka kada ku fita daga nan kuna cewa misalin ya yi daɗi. Ban faɗe shi don daɗi ba. Akwai wanda ya taɓa gaya maka gaskiya, ka daina gaishe shi. Ka san sunansa, wataƙila ma yana zaune a ɗakin nan. Kafin ka ci abincin rana, ka je ka same shi, ka ce ya ƙarasa maganar da ka katse.