Radko da Idon Ruwan Gishiri

A can zamanin da, tun duwatsun Karpat na tsakiyar Turai ba su san gatari ba, an yi wani maharbi mai suna Radko. Kirarinsa: "Ƙanƙara mai karya mashi, kyarkeci ya ga sawunka ya sake hanya."

Wata shekara da sanyi ya tsananta, Radko ya harbi wani bijimin daji, ya bi jininsa har bakin kogin Lesna. Nan ya tarar da dabbar tana lasar wani idon ruwa, raunin kuma yana rufewa yana kallo. Ya ɗanɗana, ya ji gishiri ne tsantsa. A ƙasar nan kuwa wanda ba shi da gishirin adana nama, hunturu kan cinye shi.

Ya kai wa yayansa Milosh labari, shi ne mai mulkin wani gari mai ganuwa a kan tudu. Milosh ya zo da mayaƙa, ya kewaye ruwan da shinge, ya cinna wa bukkar Radko wuta.

"Yaya, ni fa na gano ruwan nan."

"Abin da ƙani ya tsinta na wa ne. Haye kogi, kada in sake ganin ƙeyarka."

Radko ya haye da matarsa Yarmila cikin dusar ƙanƙara. Kafin su sami mafaka sanyi ya kashe ta. Ya haƙa mata kabari da mashinsa, bai yi kuka ba. Ya soka mashin a ƙasa, ya fuskanci tudu.

"Milosh, yadda ka busar mini da gida, haka ruwan zai bushe maka."

Masu tarihi sun ce yana zare mashin ruwan gishiri ya ɓullo daga ramin, na hayin Milosh kuwa ya ƙafe ƙaf. Jama'a suka yi ta kwararowa wajen Radko, har gari ya kafu, aka kira shi Radkowa.

Da yunwa ta ci tudu, Milosh ya sauko bakin kogi, ya tsufa, yana kira: "Ƙanena, gishiri, ko cikin tafin hannu!"

Radko ya ɗebi gishiri, ya ɗaga don ya gani, ya watsa a kogi.

Har yau garuruwan biyu na nan, kogi a tsakani, babu gada. A Radkowa kuma duk mai gina gida ba ya buɗe taga ta fuskar tudu.