Fatar Washi da Askin Sunan Jalaluddeen

Akwai wani wanzami a Gidan Igwai, cikin birnin Sakkwato, ana ce masa Mode. Gadon sana'ar ya yi wurin mahaifinsa, kuma gaskiya Allah Ya ba shi hannu. Idan ya ɗora maka aska, sai dai ka ji iska tana taɓa ƙeyarka ka san an gama.

Matsalar Mode ɗaya ce, baki. Ba ya ganin wanzami ɗan'uwansa ya ƙyale shi.

Wanda ya fi shan wannan baki shi ne Baba Bawa, wani tsohon wanzami mai zama gindin dogon-yaro, taku kaɗan daga rumfar Mode. Baba Bawa yana da fatar washi, wato fatar da ake goga aska a kai bayan an wasa ta a dutse, don bakinta ya kwanta ya yi sumul. Tasa ta kai shekara talatin. Ta yi baƙi ƙirin, gefenta ya cinye, ba ta da kyan gani ko kaɗan.

Kullum Mode zai leƙo ya ce, "Baba Bawa, wagga hwata taka ko mahaukaci ya tsince ta ba ya ɗauka. Ka bari in sai maka sabuwa, ka huta da kunya."

Tsohon sai ya yi murmushi ya ce, "Na gode, ɗana. Tana yi mani aiki."

Amma fa a taɓa Mode da wasa, yini guda zai yi yana huci. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ana nan sai wata safiya ya buɗe zabirarsa, jakar da yake zuba kayan aiki, ya tarar ɓera ya yi wa tasa fatar kaca-kaca. Bai gama jimamin wannan ba sai ga kira daga unguwar Arkilla. Malam Abdulshakur ne, wani ma'aikacin gwamnati. Matarsa Sadiyatu ta sauka, an samu ɗa namiji, bayan shekara goma sha ɗaya suna jira.

Mahaifin Mode ne ya yi wa Abdulshakur askin suna, don haka tsohuwar Abdulshakur, Hajiya Binta, ta ce jikanta ma sai Mode. Shi Abdulshakur a tsorace yake. Ya so a kai yaron a yi masa da inji, tsohuwa ta ce ba a gidanta ba. Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗin Mode zai sayo sabuwar aska wadda ba ta taɓa kan kowa ba.

Ya ce a waya, "Mode, ɗa guda gare ni. Ko ɗigon jini ba ni son gani."

Mode ya yi dariya ya ce, "Ranka shi daɗe, kwantar da hankalinka. Ko kuka ba shi yi."

Saura kwana biyar suna, Mode ya nufi wurin dukawa neman sabuwar fata. Ya sauka gun Baba Yari, wani tsohon baduku da wanzaman garin suka daɗe suna saye a hannunsa.

Baba Yari ba ya gaggawa. Ya shimfiɗa fatu uku a gaban Mode, ya ɗauki ta farko.

"Wagga ta akuya ta. Kyau gare ta, amma ba ta da jiki. A yi jaka da ita, ko matashi."

Ya ɗauki ta biyu ya ja, ta miƙe. "Wagga ta cikin saniya ta. Ka ga tana biyo hannu? Wata biyu za ta saki, ta lanƙwasa maka bakin aska."

Sannan ya ɗauko ta uku, mai kauri, launin ƙasa, ba sheƙi ba ado. Ya naɗe ta ya warware, ba ta tsage ba. Ya ɗaga ta a haske yana neman tabon ƙaya ko cizon kaska, bai samu ba. Ya shinshina, ya ce jimar bagaruwa ce ta gaskiya. Daga ƙarshe ya goga ta a kumatunsa, a hankali, daga wannan kai zuwa wancan.

Mode ya kwashe da dariya. "Baba, mi kaka yi haka? Amarya ta?"

"Hannun baduku ya yi kanta, ba ya jin rairai. Kunci ka ji," in ji tsohon. "Wagga gadon bayan sa ta. Ka tahi da ita, ka shahwa mata man shanu kaɗan, ka riƙa murza ta da tahin hannu sahe da marece, ka rataye a inuwa. Kwana biyar ta isa aiki. In ka riƙe ta da kyau, har ɗanka shi gada."

Mode ya juya fatar ya taɓe baki. A ransa yana hango Arkilla: manyan mutane, motoci, kowa da waya a hannu yana ɗaukar hoto. Ya fito da wannan abu mai kama da ta Baba Bawa a gabansu? Ya ajiye ta ya ce zai zagaya ya dawo.

Can gaba ya ga wata a rataye wurin wani mai kayan ado. Ja wur, tana ɗaukar ido, an yi mata zane a gefe da geza a ƙasa. Ko tayawa bai tsaya yi ba sosai, ya saya. Kuma don neman magana, ya biyo ta gaban Baba Yari yana kaɗa ta.

Tsohon ya karɓa, ya kai kumatu, ya ɗan yamutsa fuska.

"Ƙasa anka shanya ta tun tana ɗanya. Rairai ya shige ta, anka bi da hwenti anka ruhe. Kyan ɗan maciji na, Mode. Kada ka kai aska kanta."

"Don ba wurinka nis saye ba," in ji Mode. Ya fizge abarsa ya tafi.

Jama'a, ku ji inda wautar take. Da a ce ya gwada ta ko sau ɗaya a gida, da ya gane. Amma ina! Tsoro yake kada sheƙin ya dushe kafin mutanen Arkilla su gani. Ya wasa sabuwar askar a dutse, ya dafa ta a ruwan zafi, ya naɗe. Ita kuwa fatar ya sa ta cikin leda ya adana, ko yatsa bai ƙara ɗora mata ba.

Ranar suna ta zo. An yi addu'a da sassafe, an raɗa wa yaro suna Jalaluddeen, an raba goro da dabino. Mode na shiga harabar gidan ya hango Baba Bawa zaune a gefen tabarma da zabirarsa. Ashe shi ne wanzamin gidan su Sadiyatu, ya zo taya murna. Mode ya gaishe shi sama-sama ya wuce.

Hajiya Binta ta fito da jariri a naɗe cikin farin zane, ta zauna ta ɗora shi a cinya. Abdulshakur ya tsaya a kanta, ya kasa zama. Sadiyatu kuwa tana bakin taga, ta riƙe labule.

Mode ya zaro jar fatarsa. Nan take aka fara, "Kai, masha Allah!" Wayoyi suka tashi sama. Ya maƙale gezar a babban yatsan ƙafarsa, ya ja ta ta miƙe, ya shiga kai aska yana kawowa, har da ɗan salo.

Tun a bugu na biyar kunnensa ya ji wani abu. Fata mai kyau shiru take yi, sai ɗan shuu. Wannan kuwa ƙaras-ƙaras take yi ƙasa-ƙasa. Ya share, ya ƙarasa.

Akwai abu ɗaya da mahaifinsa ya hore shi da shi tun yana koyo: aska ba ta hawa kan jariri sai ta fara hawa hannun wanzami. Ya naɗe hannun riga, ya jiƙa damtsensa, ya ja askar.

Ta fizgi gashin maimakon ta share shi. Ta bar wani siririn layi, sai ga jini ya tsattsafo.

Ya ɗaga askar a hasken rana. Bakinta ya yi ƙananan giɓi, waɗanda sai wanzami ne zai gan su. Ya yi maza ya sauke hannun rigar.

Babu wanda ya lura, ko dai haka ya zata. Hajiya Binta ta riga ta jiƙa kan yaron da ruwan ɗumi da sabulu, ta ce, "Bismillah, Mode, rana na yi."

Ya dubi kan. Fatar wurin ba ta fi ta albasa kauri ba, maɗigar tana bugawa a hankali.

Zuciya ta ce masa: hannunka gwani ne, ka bi a sannu, wataƙila a wuce lafiya. Dutsen washinsa yana gida, don ya ɗauka ya gama da shi. Mutum ɗaya ne a duk taron yake da dutse da fata, kuma shi ne wanda ya shekara yana yi wa dariya a bainar jama'a.

Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Ya ƙara duban maɗigar nan, sai ya ninke askar.

"Hajiya, a yi mani haƙuri kaɗan."

Ya tashi, ya ratsa mutane, ya je gaban Baba Bawa ya durƙusa. Bai yi raɗa ba, kowa ya ji.

"Baba, na yi kuskure. Hwatata ta ɓata bakin aska. Don Allah ka taimake ni da taka."

Waɗanda suka san tsakaninsu suka zuba ido, suna jiran tsoho ya rama.

Baba Bawa ya karɓi askar ya duba, ya fito da ɗan dutsensa, ya ɗiga ruwa, ya shiga wasawa cikin natsuwa har giɓin suka ɓace. Sannan ya warware baƙar fatar nan, ya goga sau ashirin ko fi. Ya nemi ruwan zafi aka kawo, ya tsoma askar, ya goge.

Wani daga cikin dangi ya ce, "To Baba, tunda kai kag gyara, kai za ka yi askin mana."

Mode ya san in aka yi haka ya rabu da gidan nan har abada, kuma ba shi da bakin magana.

Baba Bawa ya girgiza kai. "A'a. Hannuna ya hwara rawa. Duk garin ga ban san mai hannun Mode ba." Ya miƙa masa askar ta wajen ƙota. "Tashi, ɗana. Yaro na jira."

Mode ya koma ya zauna, ya yi bismillah. Askar ta bi kan Jalaluddeen tana kwashe gashi ba ko ƙara. Yaron ya ɗan motsa baki sau ɗaya, ya ci gaba da barcinsa. Da aka gama, Hajiya Binta ta shafa kan ta duba gaba da baya, babu ko ƙwarzane. Mata suka rangaɗa guɗa daga ciki.

Mode yana haɗa kaya, kansa a sunkuye, sai ya ji an riƙe masa hannu. Abdulshakur ne. Ya ɗaga hannun rigar da kansa, ya dubi layin jinin da ya fara bushewa.

"Na gani tun ɗazu," ya ce a hankali. "Ina tsaye ina jiran in ga abin da za ka yi. Da ka kai askar nan kusa da shi, da na riƙe hannunka, kuma da ba ka ƙara taka gidan ga ba." Idonsa ya cika da ƙwalla. "Wanga jini, da na ɗana na. Allah Shi saka maka da alheri. In Allah Ya ƙaro muna wasu, kai za ka yi masu."

Da za su tafi, Baba Bawa ya sunkuya zai ɗauki zabirarsa, Mode ya riga shi. Ya rataya ta a kafaɗa tare da tasa, ya bi bayan tsohon har bakin titi, yana share ido da gefen hula.

Darasi: Kada ƙyalli ya zaɓa maka kayan aiki, ka saurari wanda ya san abin tun kafin a haife ka. Idan kuma ka gane ka yi kuskure, ka faɗa tun cutar ba ta kai ga wanda bai ji ba bai gani ba, domin durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kai kuma da aka zo wurinka a durƙushe, ka rufa asiri, kada ka rama. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan sana'a, wataƙila akwai mai buƙatar jin wannan a yau.